Zan je biki Kano mako shida, kuma ina karɓar Universal Credit: in faɗa musu ko in yi shiru?

'YarFagge: Assalamu alaikum iyaye da yayye. Shekarata 23, a Manchester nake. Na gama digiri a Yuli, aiki bai samu ba tukuna, sai na shiga Universal Credit, tallafin da gwamnatin Birtaniya ke bai wa marasa aiki da masu ƙaramin ƙarfi duk wata. Yayana zai yi aure a Kano ƙarshen Disamba. Tikitin da na samu mai sauƙi, tafiya 8 ga Disamba, dawowa 19 ga Janairu, mako shida cif. Na biyu, ina ɗan yin zanen lalle Asabar da Lahadi, wani watan in samu fam 100, wani watan ba ko sisi, kuma a hannu ake ba ni. Umma ta ce in yi shiru, wa ya gan ni. Ni kuma duk na buɗe jarnal ɗin nan, shafin intanet da ake musayar saƙo da jami'an tallafin, sai gabana ya faɗi. Wanda ya taɓa shiga irin wannan ya taimaka da shawara.

MamanBiyu: Wa alaikumus salam. Allah ya sanya alheri. Nawa kika samu tikitin? Mu fam 1,150 aka ce mana zuwa Abuja.

'YarFagge: 780 ne Anti, amma akwai tsayuwar awa tara a hanya.

Baban Walid: 780 a Disamba? Ki sake dubawa da kyau 'yata, wataƙila babu jaka a ciki. Bara 940 na biya, kuma tun Agusta na yanka.

Sakkwatawa: Ƙanwata, ki saurare ni, don ni na ɗanɗana. A 2022 mahaifina ya rasu. Daren da aka kira ni na sayi tikiti, ko tunanin wani jarnal ban yi ba, wa yake ta wannan a irin ranar? Na je, aka yi sadakar uku, aka yi ta bakwai, sai rigimar gado ta taso, gonaki biyu da gida, na kwashe wata uku. Kuɗi na shiga asusuna duk wata, na ɗauka ba komai. Bayan na dawo da kamar wata biyar sai ga saƙo: in tura takardun banki da hoton fasfo shafi-shafi. A takardar bankin ga cire kuɗi a Sakkwato, ranar kaza, ranar kaza, kamar an yi mini rajista. Suka lissafa har da kuɗin haya, ya haura fam dubu biyu, ga tarar fam 50 a kai. Wata da watanni ana yanka daga abin da dama bai isa ba. Lokacin sanyi ne, na koma kunna hita awa ɗaya da dare, ina kwana da jaket da safa biyu. Abin da ya fi ci mini rai, daga baya na ji ashe wanda aka yi wa rasuwa ana iya ƙara masa wata guda, ya zama biyu. Da na rubuta layi ɗaya kawai da abin bai kai haka ba. Kuma har gobe ina da yaƙinin wani ne ya kai ni, mutumin da muke sahu ɗaya a masallaci.

MamanBiyu: Innalillahi. Allah ya jiƙan Baba. Wannan hassada ta mutanenmu sai addu'a.

Alhaji Peckham: Ku yaran yanzu kun cika tsoro. Shekara 31 nake ƙasar nan. Mutane nawa na sani suka je gida suka yi wata biyu suka dawo lafiya lau. Wata ukun ne ya kayar da kai Sakkwatawa. Mako shida ba wanda zai lura. Kuma kuɗin lalle ai bai kai fam dubu a shekara ba, doka ta yafe.

Zainabu_Leeds: Baba Alhaji, da girmanka, amma an haɗa abu biyu. Fam dubun nan ta haraji ce, ta HMRC, hukumar harajin Birtaniya, ba ruwanta da Universal Credit. Ina aikin sa kai a wurin ba da shawara kan irin waɗannan, kusan kullum muna gani.

'YarFagge, ga yadda abin yake. An yarda mutum ya fita ƙasar har wata ɗaya, da sharaɗin ya sanar kuma ya ci gaba da neman aikin da ya yi alkawari. Idan tun farko kin san za ki wuce wata ɗaya, ba wai za a biya ki watan farko a yanke sauran mako biyun ba, tun daga tafiyar kin fita daga tsarin, in kin dawo ki sake nema. Lallen kuma sana'ar kai ce. Mai aikin albashi shi ba ya wahala, bayanin albashinsa na zuwa musu kai tsaye ta PAYE, tsarin cire haraji daga albashi, amma mai sana'ar kansa duk wata sai ya shigar da abin da ya samu da abin da ya kashe, ko da sifili ne. Kuɗin lallen da kika saya da kuɗin bas ki cire. A kowace fam ɗaya ta riba ana rage miki fens 55. Ribar fam 100, a rage 55, ki tsira da 45 a kan abin da kike karɓa. Ki leƙa Citizens Advice, ƙungiyar ba da shawara, kafin ki biya tikitin.

Alhaji Peckham: Ke yaushe kika zo ƙasar? Lokacin da nake sa hannun karɓar tallafi duk mako biyu ba a ma haife ki ba.

Zainabu_Leeds: Gaskiya ne Baba, amma wancan zamanin takarda ne da biro. Tsarin nan sai 2013 aka fara shi.

Baban Walid: Duka nawa ne ma kuɗin da ake wannan tashin hankali a kai? Ba 400 ba ne?

MamanBiyu: 292 ɗana yake karɓa.

Zainabu_Leeds: Anti wannan na 2023 ne. A lissafin Afrilun 2025, wanda bai kai shekara 25 ba fam 316.98 ne a wata, 400.14 na wanda ya kai 25 ne.

Ɗan Kurna: Ni daga Kano nake leƙenku. Fam 316 a wata kuna zaune, har da kuka? Mu lokacin N-Power naira dubu talatin ce, rahoton kuma sa hannu ne a rajistar makaranta. Hajiya ki taho kawai, ki bar mini lambar sirrin, ni zan riƙa cika miki jarnal ɗin da Turancina na Kurna.

Sakkwatawa: Kai kana wasa. Ka san nawa ne kuɗin gas a Janairu?

'YarFagge: Na gode Anti Zainab. To in na mayar da shi mako huɗu fa? Na duba, tikitin ya koma 1,020. Wato in ƙara fam 240 don in tsira da kuɗin wata ɗaya ko biyu. Ga shi Umma ta ce ba zan baro ta da hidimar biki ba, kayan lefe ma ni ake jira in taho da wasu.

Hajjo: Ni maganar lallen ce ta tsaya mini. Fam 100 a wata? Kina karya mana kasuwa ne? Amarya kaɗai a Birmingham 150 nake karɓa, hannu da ƙafa.

MamanBiyu: 150? Ni 60 aka yi wa 'yata, kuma ya kama sosai.

Hajjo: Na 60 daban, Anti.

Sakkwatawa: Abin da nake so ku gane, ko ta faɗa ko ba ta faɗa ba, ta daina sa hoton biki a status. Ni hoton zaman makoki na sa. Mutum ya yi mini ta'aziyya har da hawaye.

Alhaji Peckham: Wannan kam gaskiya ne. Akwai wata a nan, adashe kawai ta ɗauka, kuɗin suka kwana biyu a asusunta, sai tambayoyi. Wa ya san ranar ɗaukarta in ba 'yan adashen ba?

Zainabu_Leeds: Ba lallai wani ne ya kai ta ba Baba. Ajiya in ta haura fam 6,000 dole a sanar, kuma suna neman takardun banki haka kawai don bita.

Alhaji Peckham: Ke dai ba ki san mutanenmu ba.

Hajjo: Ni abin da ya ishe ni, da an ji za ka gida kowa ya zama ɗan uwanka. Wancan zuwan wata ta kawo mini saƙo wai "ɗan ƙarami ne", kilo bakwai. A filin jirgi na tsuguna ina fitar da takalmana. Da zan dawo kuma uwarta ta haɗo ni da kilishi, alhali an san ba a shigowa da nama.

MamanBiyu: Af, kin tuna mini. 'YarFagge, jaka nawa aka ba ki? Ina da ɗan saƙo zuwa Gwammaja, ba shi da nauyi.