Wace kalma za mu ba "glacier" da Hausa? Ni na tsaya a kan "ƙanƙara mai jan ciki"

Assalamu alaikum jama'a. Ina koyar da ilimin ƙasa a wani lise, wato babbar makarantar sakandare, nan Damagaram. Darasi da Faransanci muke yin shi, amma in na ga yara sun yi tsuru-tsuru sai in juya Hausa. Makon jiya muna kan zamanin ƙanƙara, wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, "Mushe (wato Malam), glacier ɗin nan shi ne dutsen ƙanƙara da muke ji a rediyo?" Na ce mata ba shi ba ne. Ta ce to mene ne sunansa? Shi ya sa na kawo maganar gabanku, kuma na gode wa duk waɗanda suka tofa albarkacin bakinsu. Ga inda na tsaya da dalilina.

Mu fara sanin abin kafin mu raɗa masa suna. Ƙanƙarar da muka sani iri biyu ce: wadda ke faɗowa da ruwan damina ta fasa ganyen gero, da ta firiji da ake layi a kanta da azumi. Wannan daban ce. A inda sanyi ya yi tsanani, dusar ƙanƙarar bana ba ta gama narkewa sai ta baɗi ta hau kanta. Shekara ɗari, shekara dubu, ta sama tana danne ta ƙasa har ta dunƙule ta yi tauri. In kaurinta ya kai, nauyinta sai ya sa ta fara gangarawa. Da yawa daga cikin na kan tsaunuka ba sa cin mita 1 a yini, amma wadda ke kusa da garin Ilulisat a Girinlan ta taɓa wuce mita 40 a yini a shekarar 2012. Tafiyar nan ita ce zuciyar maganar. Duk sunan da bai nuna ta ba ya bar jaki yana dukan taiki.

Wasu sun ce mu ara kawai, mu ce "gilasiye". Ba na ƙin aro, da kwamfuta nake rubuta wannan. Amma mu nan da bakin Faransanci za mu faɗe ta, ƴan uwanmu na Kano da Daura su faɗe ta da bakin Ingilishi, a tashi da kalma biyu, kuma duk biyun kunnen Bahaushe gilashi zai ji.

"Dutsen ƙanƙara" kuwa a bar wa gutsuren da ya ɓalle yake yawo a teku, ya dace da shi. Dutse a Hausa shi ne abin da ba ya gusawa da kansa.

Wani ɗan uwa daga Gure ya kawo "jigawar ƙanƙara", ya ce ai su sun san tudun da ke tafiya har ya binne gona. Wallahi ta burge ni, na kwana ina juya ta. Sai dai iska ce ke kwasar rairayi ƙwaya-ƙwaya, ita kuwa wannan gaba ɗayanta take tafiya, ba mai tura ta sai nauyinta.

Wadda ta fi samun magoya baya ita ce "kogin ƙanƙara", kuma wani dattijon malamin Hausa da nake girmamawa yana bayanta. Allah gafarta Malam, a nan ne zan nemi afuwa in saɓa. Kogin Lena na Saiberiya da kogin Makenzi na Kanada koguna ne na ruwa, amma duk shekara samansu yana daskarewa na watanni. In yaro ya ji "kogin ƙanƙara", su zai hango. Ga shi kuma darasin da ya jawo maganar nan duk a kan kogunan da ke fitowa daga bakin ƙanƙarar ne. Gwada ka ji: "lakar da kogin da ya fito daga kogin ƙanƙara ya ajiye." Kafin ka kai ƙarshen jimla ajin ya ɓata.

Bari in ɗan daɗe a nan, don a ga abin da ya sa nake nacewa a kan jan ciki. Ƙanƙarar nan ba a sarari take tafiya ba, a kan dutse take jan jikinta, da duwatsu maƙale a cikinta. Kamar ɗan dutsen niƙa ne a kan uwarsa. Tana karce dutsen ƙasa ta bar masa zane a miƙe, tana niƙe shi ya zama gari mai laushi, har ruwan da ke fita daga bakinta ya yi fari-fari kamar an dama farar ƙasa. Inda ta narke kuma sai ta zube kayanta a cakuɗe: ƙaton dutse kusa da yumɓu, tsakuwa cikin rairayi, ba tsari.

Ruwa ba haka yake ba, ruwa yana tankaɗe. Duk wanda ya taka gindin gulbin Korama wajen Matamai bayan ruwa ya janye ya gani da idonsa: tsakuwa ta tsaya inda igiyar ruwa ke da ƙarfi, rairayi ya yi gaba kaɗan, laka mai santsi ta je ta kwanta inda ruwa ya natsu, ta bushe ta tsattsage. Na taɓa tsayawa bakin wata rijiya da ake haƙa a ƙauyenmu. Tsohon da ke jan guga yana zube ƙasar kashi-kashi, na ce, "Baba, me ya sa ba ka haɗa su?" Ya ɗebi wani rairayi mai gautsi ya murza a tafin hannuna ya ce, "Yaro, wannan ruwa ne ya kawo shi, nan da can akwai gulbi." Abin da masana ke yi a gaɓar kogunan can ƙarshen arewacin duniya ke nan. Suna duba ƙasa hawa-hawa: cakuɗaɗɗe da dutse mai zane yana cewa ƙanƙara ta zo har nan, tankaɗaɗɗe yana cewa ta ja baya ruwan narkewarta ya biyo.

Shekaru kuma suna da hanyar ƙidaya su. In an samu guntun itace ko ƙashi, ana auna sinadarin kabon 14 da ke cikinsa, wanda rabinsa ke ƙarewa duk shekara 5,730, kuma awon yana aiki har wajen shekara 50,000. In babu, rairayin kansa ake tambaya. Ƙwayar rairayi da aka binne tana tara wani ƙarfi daga ƙasar da ke kewaye da ita, hasken rana kuma yana goge shi. Don haka a cikin bututu rufaffe ake ɗebo shi, a buɗe a ɗaki mai duhu da ɗan jan haske, a gano yaushe rabonsa da ganin rana.

Da wannan awon ne aka duba tsakuwar da ke bakin Makenzi, aka wallafa a 2010 cewa wata gagarumar ambaliya ta bi ta nan zuwa tekun arewa wajen shekara 13,000 da suka wuce. Daga wani makeken tafki ta fito, wanda ƙanƙara ta tare wa hanya a tsakiyar Amurka ta Arewa. An ba tafkin sunan Luwi Agasiz, mutumin Suwizalan da ya tsaya gaban masana a 1837 ya ce ƙanƙara ta taɓa rufe Turai. Masana da yawa suna ganin ruwan daɗin nan da ya kwarara cikin teku yana da hannu a sanyin da ya komo daga shekara 12,900 zuwa 11,700 da suka wuce.

Kada wani ya ce mu ina ruwanmu. Wajen shekara 21,000 baya, lokacin da ƙanƙara ta rufe Kanada har teku ya yi ƙasa da wajen mita 120, mu nan fari muka sha: Sahara ta matso kudu, rairayi ya yi ta tafiya, kuma da yawa daga tuddan da muke shuka gero a kansu ragowar irin waɗannan zamunan ne. Can baya sosai kuma, wajen shekara miliyan 445, wannan yanki na Afirka yana kusa da ƙarshen duniya na kudu, kuma a Jado, arewa maso gabashin Nijar, har yau akwai duwatsu masu zanen da ƙanƙara ta karce. Manyan duwatsun unguwar Birni ta nan Damagaram dai ba ita ta kawo su ba, an tambaye ni wannan sau biyu. Nan suka tashi, ruwa da zafi suka sassaƙa su.

An ce mini "mai jan ciki" maciji ne. Haka ne, amma da "ƙanƙara" a gaba ba wanda zai rikice, kuma duk wanda ya ga hotonta daga sama tana lanƙwasa cikin kwari zai ce sunan ya zauna. An ce ta yi tsawo. "Jirgin sama mai saukar ungulu" ya fi ta tsawo, kuma ya kama baki.

Jiya na rubuta wa ajin a allo: "Ƙanƙara mai jan ciki ta niƙe dutse, kogi ya kwashe garin ya tankaɗe ya ajiye." Ɗalibar nan ta karanta ta ce, "Mushe, ke nan in an haƙa za a san inda ta tsaya." Na ce haka ne.

Saura kalmar abin da kogin ya ajiye. "Laka" ba ta ɗauki tsakuwa da rairayi ba. Ni "ajiyar kogi" nake amfani da ita a aji yanzu. Masu haƙar rijiya da manoman fadama, in kuna da sunan da kuke kiran ta da shi, don Allah ku faɗa mini kafin darasin Litinin.