Inda Za a Kafa Injin Lantarki na Iska a Gida: Taƙaitaccen Abin da Aka Tattauna

Kusan bakin kowa ya zo ɗaya a kan tsayi: gara ƙaramin inji a doguwar hasumiya da babba a gajeriya. Dalili kuwa, idan gudun iska ya ninka biyu, ƙarfin da ke cikinta yakan ninka takwas, kuma iskar sama ta fi ta ƙasa gudu da daidaito. Ƙa'idar da aka fi ambata ita ce ƙasan farfela ya ɗara duk wani gini ko bishiya da ke cikin tazarar mita 150 da aƙalla mita 9. A lissafa da girman da bishiyoyin za su ƙara nan gaba, wannan kam ana yawan mantawa da shi.

Kafa injin a kan rufin ɗaki bai samu goyon baya ba. Iskar da ta bugi bango hargitsattsiya ce, tana wahalar da injin, jijjigarsa kuma ta bi ginin har ɗakin kwana.

An ɗan saɓa a kan nisa: kafa shi nesa da gida yana rage jin ƙarar injin, amma doguwar waya tana cin wuta, sai an sa mai kauri. Hasumiyar da ake iya kwantarwa ta fi sauƙin gyara. A auna iskar wurin tsawon shekara, a nemi izinin hukuma, a kuma haɗa kariyar tsawa.