Ni na biya kuɗin makaranta, amma 'yata ta riga ni cike haraji

Baban Hauwa, Bronx:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah ina neman shawara kafin 15 ga Afrilu, ranar ƙarshe ta cike haraji a Amurka, ta riske ni. Hauwa, 'yata ta fari, shekararta 19, tana shekarar farko a kwaleji a nan New York, a gida take kwana. Kuɗin makarantarta na bara dala 7,000 ne. Tallafin Pell na gwamnatin tarayya ya ɗauke 3,000, ni na biya 2,500 daga guminta na tasi, kawunta ya tura wa makarantar 1,500 kai tsaye. Littattafai kuma wajen dala 400. Jiya mai cike mana haraji ya tura takardunmu ni da mamanta, sai kwamfuta ta dawo da su, wai an riga an yi amfani da lambar Social Security ta Hauwa. Ashe yarinyar nan tun Fabrairu ta cike nata a waya, saboda ɗan aikin kanti da take yi a ƙarshen mako. Ba ta gaya wa kowa ba. Shin rangwamen harajin karatu ya wuce ni ke nan? Kuma kuɗin kawunta yana cikin lissafi? Sannan ina da ɗa wajen uwargida a Kano da nake biya wa jami'a, ko shi ma zai shiga?

Maman Sadik:
Wa alaikumussalam Baban Hauwa. Kwantar da hankalinka, abin da ya same mu ke nan da Sadik shekara biyu da suka wuce. Akwai wurin da ake tambaya ko wani zai iya sa ka a matsayin wanda ke ƙarƙashin kulawarsa. Yaran nan sai su ce a'a, don a ganinsu sun girma. Gyaran shi ne ta cike fom 1040-X, na gyara harajin da aka riga aka tura, ta canza amsar. Mu dai mun buga namu a takarda mun aika ta gidan waya. Kuɗin ya daɗe bai fito ba, amma ya fito.

Abu Yasir mai lissafi:
Alhaji, bai wuce ka ba. Dokar IRS, hukumar harajin Amurka, ba ta duba daga aljihun wa kuɗin ya fito, tana duba wa ya sa ɗalibin a ƙarƙashinsa. In kai ka sa Hauwa, kai kaɗai ke da rangwamen, kuma duk abin da ita ko kawunta suka biya makaranta ana ɗaukarsa kamar kai ka biya. Kuma kana da ikon sa ta, tunda ba ta kai 24 ba, cikakkiyar ɗaliba ce, tana zaune a gidanka, kuma ba ita ke ɗauke da fiye da rabin nauyin kanta ba.

Rangwamen da ya dace da ku shi ne AOTC (American Opportunity Tax Credit), na shekara huɗu na farkon karatun gaba da sakandare. Dala 2,000 na farko ana ba ka su duka, na biyun kuma a ba ka kashi ɗaya cikin huɗu, jimilla 2,500 ga kowane ɗalibi. To kai ka cire Pell daga 7,000, saura 4,000 daidai wa daida. Ka cika ma'auni ko ba a sa littattafan ba. Kashi 40 cikin 100 na rangwamen, har dala 1,000, ana iya ba ka a hannu ko da ba a bin ka harajin komai. A nan Hauwa ta so ta yi muku asara, domin ɗaliba mai shekarunta, da iyayenta a raye, wadda albashinta bai kai rabin nauyinta ba, ba a ba ta wannan kason na hannu. Harajin da ke kanta kuma ɗan kaɗan ne, babu abin ragewa.

Ka nemo fom 1098-T, takardar da makaranta ke bayarwa kan kuɗin karatu, daga shafinta na makaranta. Akwati na 1 kuɗin da aka biya, akwati na 5 tallafi. Daga nan sai fom 8863, wanda ake neman rangwamen da shi. Sharaɗi ɗaya: ku cike tare da maman Hauwa. Ma'auratan da kowa ya cike nasa daban ba su samu. Sai kuɗin shigarku ya haura dala 160,000 ake fara ragewa, a 180,000 ya ƙare.

Ɗan Kumasi:
Hahaha Abu Yasir, wace tasi ce ke kawo 160,000? A nuna mini ita in ajiye tawa.

Hajiya Ta Sallah:
Ni tambayata, kuɗin ɗakin kwana fa? Tawa a makaranta take kwana, shi ya fi cin mu.

Abu Yasir mai lissafi:
Hajiya, ɗaki da abinci da kuɗin mota da inshorar lafiya duk ba su ciki. Kuɗin karatu, kuɗin da makaranta ta wajabta, da littattafai da kayan darasi, ko a wani kanti aka saya, in dai da rasit. Bashin karatu ma yana shiga a shekarar da aka biya makaranta da shi. In ta wuce shekara huɗu ko ta shiga digiri na biyu, sai ku koma ɗaya rangwamen, LLC (Lifetime Learning Credit), kashi 20 cikin 100 na dala 10,000, wato 2,000 ga gidan gaba ɗaya, kuma shi harajin da ake bin ku kawai yake ragewa.

Malam Na'ibi:
Ba wanda ya taɓa maganar yaron Kano. Baban Hauwa, ka yi hattara a nan. In ba ɗan ƙasar Amurka ba ne kuma ba mazauninta ba, ba za ka iya sa shi a ƙarƙashinka ba, komai yawan abin da kake tura masa. Mazauna Kanada da Meziko kaɗai aka ware. Ko da yana da fasfon Amurka, sai jami'arsa tana cikin tsarin tallafin ɗalibai na gwamnatin tarayyar Amurka. Akwai masu cike haraji a unguwa da za su ce maka ka sa shi kawai, ba mai dubawa. Ran da wasiƙa ta zo kai za ka biya da ruwa, kuma ana iya hana ka AOTC shekara 2, in an ga da gangan ka yi zamba shekara 10. Sai ka rasa na Hauwar ma.

Maman Sadik:
Kuma don Allah kada ka yi mata faɗa sosai. Ƙawayenta ta gani suna yi.

Baban Hauwa, Bronx:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Faɗa kam na riga na yi tun jiya, Maman Sadik, har ta ƙi cin tuwo. Yanzu ta sauko mini da 1098-T ɗin a waya, akwati na 5 ya nuna 3,000 kamar yadda na faɗa. Asabar za mu koma wajen mai cikewar tare da ita. Yaron Kano na bar shi. Abu Yasir, in ta gyara nata, kuɗin da aka riga aka turo mata za ta mayar?

Abu Yasir mai lissafi:
In ta karɓi rangwamen karatu a nata, wannan kason za ta mayar. Abin da aka yanke mata daga albashi fiye da ƙima kuwa nata ne. Ku tafi da kwafin abin da ta tura a Fabrairu.