Wane kakin mota ne ke jure ranar Damagaram da ƙurar hunturu?

Mai tambaya, daga Karkada

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar fenti da gyaran jikin mota. Ina da Toyota Corolla baƙa wadda aka shigo da ita ta Kwatano. Fentinta ya zo da ƙyalli sosai, amma yanzu rufinta da murfin injinta sun fara dusashewa, kuma idan rana ta haska su sai a ga ƙananan ƙarce-ƙarce masu zagaye sun cika ko'ina. Gidanmu ba shi da rumfar ajiye mota, a wurin aiki ma a rana take yini.

Na zaga wajen masu sayar da kayan mota a kasuwar Dole, na tarar da kaki iri uku. Akwai mai kauri na cikin gwangwani wanda aka rubuta carnauba a jikinsa, akwai mai ruwa-ruwa na cikin kwalba wanda suka ce haɗin sinadari ne, sannan akwai na fesawa wanda aka rubuta masa seramik. Kowane mai shago cewa yake nasa ya fi, kuma kuɗinsu ya bambanta ƙwarai. Abin da nake son sani shi ne wanne ya dace da zafinmu da ƙurarmu, bayan wane lokaci ake sake shafawa, kuma ko kakin zai iya gusar da ƙarce-ƙarcen da na ambata. Allah ya saka da alheri.

Mai fentin mota, Sabon Gari

Wa alaikumus salam. Malam, zan fara da tambayarka ta ƙarshe, domin a nan ne mutane da yawa ke asarar kuɗinsu. Kaki ba ya gusar da ƙarce. Fentin motocin zamani hawa-hawa ne: akwai na ƙasa mai kama ƙarfe, akwai launi, sannan a sama akwai shimfiɗa mai garai-garai wadda mu masu fenti muke kira berni, kuma kaurinta bai wuce maikuron 40 zuwa 50 ba, wato bai kai kaurin takardar rubutu ba. Ƙarce-ƙarcen da kake gani a cikin wannan berni suke. Abin da ke gusar da su shi ne folish, domin yana ɗauke da ƴan ƙwayoyi masu laushi da ke cinye saman berni kaɗan har ya daidaita. Kaki kuwa rufi ne kawai ake yi a kai. Yana cike ƙananan ramuka ya ɓoye su na ɗan lokaci, idan ya wanke sai su dawo. Don haka tsarin aikin shi ne wanki mai kyau, sai folish sau ɗaya, sai kaki. Kada ka yarda a riƙa yi maka folish kowane wata, domin berni ba ya tsirowa, abin da aka cinye ya tafi ke nan.

Game da carnauba, kaki ne da ake samu daga ganyen wata bishiya dangin giginya da ke arewa maso gabashin Burazil, musamman jihohin Piauí da Ceará. Yana cikin kakin halitta mafi tauri, kuma ba ya narkewa sai ya kai wajen digiri 82 zuwa 86, alhali kakin zuma yana narkewa tun a digiri 62 zuwa 64. Saboda taurinsa ba a iya shafa shi tsantsa, dole a haɗa shi da mai da sinadarin narkarwa kafin ya yi laushi. Saboda haka idan ka ga an rubuta carnauba ɗari bisa ɗari a gwangwani, abin da ake nufi shi ne kakin da ke cikin haɗin, ba dukan abin da ke gwangwanin ba. A kan baƙar mota babu abin da ya kai shi ba da ƙyalli mai zurfi, wannan gaskiya ne. Matsalarsa ita ce ƙarko. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin garin nan ke wuce digiri 40 a inuwa, rufin baƙar mota da ta yini a rana yana iya haura digiri 70, kuma a wannan zafin man da ke cikin haɗin yana tashi, kakin ya yi laushi, ƙura ta manne masa. Abin da zai yi wata biyu ko uku a ƙasar sanyi, a nan da wuya ya cika wata ɗaya a lokacin bazara.

Shi ya sa ga motar da ba ta da rumfa nake ba da shawarar na haɗin sinadari. Shi yana kama berni da ƙarfi, zafi ba ya sassauta shi da sauri, kuma mai kyau daga cikinsu yakan yi watanni. Waɗanda suka yi suna wajen ƙarko sun haɗa da Fusso Coat na kamfanin Soft99 na Japan, wanda masu shi suka rubuta wata 12 a jikinsa, da Collinite 845 na Amurka, wanda asalinsa an yi shi ne don kare kayan manyan layukan lantarki. Kamfanonin Meguiar's da Turtle Wax na Amurka, da Sonax na Jamus, duk suna da nasu. Sai dai duk adadin watannin da aka rubuta a kwalba, ka raba shi biyu kafin ka yi lissafi da shi a Damagaram.

Abu ɗaya kuma nake so ka duba kafin ka sayi komai. Idan dusashewar rufin ta kai ga fari-fari mai ɓarewa a gefe, to berni ne ya mutu, kuma babu kakin da zai tashe shi. Sai an sake fesa wurin.

Direba, hanyar Tanut da Agadas

Ina goyon bayan maigida mai fenti, kuma zan ƙara abin da hanya ta koya mini. Farar Hilux nake ja, kuma duk wanda ya bi hanyar arewa ya san yadda yashi ke dukan gaban mota. Kaki kowane iri ne ba ya hana wannan, domin shimfiɗarsa ta fi berni siranta nesa ba kusa ba. Amfanin da na gani a tare da shi shi ne ƙura ba ta kama jikin motar da ƙarfi, ana watsa ruwa sai yawancinta ta sauka kafin hannu ya taɓa fenti. A nan na sinadari ya fi carnauba, domin carnauba yana da maiƙo, kuma daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da iskar hunturu ke kwaso ƙurar kwarin Bodele na Cadi tana zubo mana, maiƙon nan ƙura yake tarawa.

Ina kuma jan hankalin mai tambaya a kan jabu. Kaya da yawa suna shigowa daga Kano ta Magarya da Matamai, a cikinsu akwai na asali, akwai wanda gwangwanin kawai ya yi kama. A duba murfi ko a rufe yake yadda kamfani ya rufe shi, a duba ko rubutun ya fita sarai, kuma a guji wanda ya daɗe a kan tebur a rana har mai ya rabu da kakin ko samansa ya tsattsage. Wanda ke warin kananzir mai ƙarfi, ni dai ba na kusantar fenti da shi.

Ga masu tsofaffin motoci, musamman farare, akwai waɗanda fentinsu ba shi da berni a sama. Idan aka goga folish a ɗan lungu aka ga launin motar ya fito a tsumma, to irinsu ne, kuma su suka fi saurin komawa kamar alli idan an bar su babu kaki.

Mai wankin mota, Zango

Da izinin manyana, ina da ɗan bambancin ra'ayi. Duk abin da suka faɗa game da ƙarko haka yake, amma a ganina an ɗora wa zaɓin kaki nauyin da ya fi ƙarfinsa. Motocin da suke zuwa hannuna, abin da ya lalata fentinsu ba rashin kaki mai tsada ba ne, yadda ake wanke su ne. Da safe yaro ya ɗauki busasshen tsumma ya share ƙurar da ta kwana a kan mota, kuma ƙurar nan ƴan ƙwayoyin yashi ce masu tauri. Wannan sharar ce ke haifar da ƙarce-ƙarce masu zagaye da Malam ya gani. Bayan haka a zuba sabulun gari na wankin tufa a bokiti, wanda aikinsa shi ne cire maiƙo, don haka wanki kaɗan ya isa ya raunana kakin carnauba, na sinadari ma yana rage masa kwana. Mutum ya sayi kaki mafi tsada a garin nan, idan wankin bai canza ba, kuɗinsa zai bi ruwa.

Na san ruwa yana mana wuya a Damagaram, kuma wanda ke saye wajen ƴan garuwa ba zai so a ce masa ya yi ta kwarara ba. Amma ana iya yi da bokiti biyu. A fara watsa ruwa daga sama domin ƙura ta sauka, sannan bokiti ɗaya na sabulun mota, ɗaya na ɗauraye soso kafin a mayar da shi cikin sabulu, a fara daga rufi a gama da ƙasa, kuma tsumman taya kada ya taɓa jikin mota. A tsane da tawul mai laushi na maikurofaiba nan take, domin ruwan rijiya idan ya bushe da kansa a rana yana barin farin tabo wanda ke cin berni a hankali.

Shi ya sa ban yarda a watsar da carnauba gaba ɗaya ba. Irin su Formula 1 na gwangwani suna da sauƙin samu da sauƙin kuɗi, kuma mai baƙar mota da ke son ƙyalli don biki ko sallah, idan zai iya shafawa kowane wata, zai ji daɗinsa. Wasu ma suna sa na sinadari a ƙasa, bayan ya kwana ya kama sai su ɗora carnauba a kai. Ba a yin akasin haka, domin na sinadari ba ya kama jikin da ke da maiƙo.

Wajen shafawa kuma, da sassafe ko bayan la'asar ake yi, a inuwa, jikin mota da sanyi. A shafa shi siriri ƙwarai, ɓangare-ɓangare, idan ya yi hazo a ja yatsa a kai, in wurin ya fita tas to lokacin gogewa ya yi. Yawan lafta shi ba ya ƙara kariya, wahalar gogewa kawai yake ƙarawa. A kiyaye baƙaƙen robobin gefe, domin kaki yana barin farin tabo a kansu mai wuyar fita.

Mai tambaya, daga Karkada

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Na duba rufin da kyau, bai fara ɓarewa ba, dusashewa ce kawai, don haka zan kai a yi folish sau ɗaya sannan in sa na sinadari, kuma zan hana sharar busasshen tsumma a gida. Saura batun seramik da ba a taɓo ba. Wani ya ce mini idan aka sa shi mota za ta yi shekaru ba ta buƙatar komai, har ma ba ta ƙarcewa. Shin na fesawar da na gani a kasuwa shi ne wannan? Kuma ta yaya zan gane cewa kakin da na shafa ya ƙare?

Mai fentin mota, Sabon Gari

Malam, abu biyu ne ake kira da suna ɗaya. Seramik na ainihi ruwa ne a ƴar ƙaramar kwalba, mai sinadarin silika, wanda idan ya bushe yake zama siririyar shimfiɗa mai tauri, kuma yana iya kai shekara biyu ko fiye idan aikin ya yi kyau. Amma yana buƙatar a gyara fenti tsaf tukuna, a cire duk wani maiƙo, a shafa shi a rufaffen wuri marar ƙura, sannan motar ta yi aƙalla yini guda ruwa bai taɓa ta ba. Duk ƙwayar ƙurar da ta sauka a kai kafin ya bushe a ciki za ta zauna, kuma gyaran kuskurensa sai da injin folish. A garejin da ke buɗe a lokacin hunturu ba zan karɓi wannan aikin ba. Maganar cewa mota ba za ta ƙarce ba kuwa ba haka take ba. Yana rage ƙananan ƙarce na wanki, amma yashi da makulli da ƙaya suna ratsa shi.

Na fesawar da ka gani ɗan'uwan na sinadari ne da aka ƙara wa silika kaɗan. Yana da sauƙin aiki, yakan yi ƴan watanni, kuma ya dace a riƙa fesa shi bayan wanki domin ƙarfafa abin da ke ƙasa.

Gane ƙarewar kaki ba shi da wuya. Bayan wanki ka watsa ruwa a murfin inji da rufi, domin su ne suka fi shan rana. Idan ruwan ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya yana gangarewa, kakin yana nan. Idan ya shimfiɗe ya kwanta, lokacin sakewa ya yi. A lissafina lokuta uku ne suka fi muhimmanci: farkon Nuwamba kafin ƙura, cikin Maris kafin zafi ya tsananta, da Yuni kafin damina ta sauka. Idan ka samu inuwar dogon yaro ka ajiye motar, hakan ya fi kowane kaki kare berni daga rana, amma kashin tsuntsu idan ya zuba ka jiƙa shi ka ɗauke a ranar, domin a zafinmu sa'o'i kaɗan sun isa ya bar shaida. Idan kuma daga baya an sake fesa maka wani ɓangare, ka bar sabon fentin ya yi wata ɗaya zuwa uku yana bushewa kafin kaki ya hau kansa.