Masu buga MAME da hannu biyu, ya kuka saita naku?

Mai tambaya: Salam 'yan uwa. Na sa MAME, emuletan nan da ke buga gem ɗin gidan gem a kwamfuta, a laftof ɗina don mu riƙa buga Metal Slug ni da ƙanena, na sayo hannun buga gem ɗin nan tagwaye masu USB ɗaya, to nawa yana aiki lafiya lau amma nasa ko motsi ba ya yi, sai dai ya koma kan kibod yana danna R da F da D da G yana fushi. Wanda ya taɓa shiga wannan hali don Allah ya faɗa mana yadda ya fita.

Tsohon mai gidan gem: Wa alaikumus salam ƙanena. Ni ma sai da na kwana biyu a kan wannan. Ka buɗe gem ɗin ka danna Tab, ka shiga Input Settings, ka zaɓi na general ba na this system ba, sannan Player 2 Controls. Kowane layi ka danna Enter sai ka taɓa maɓallin da kake so a hannu na biyu. Kuskurena na farko shi ne na yi ta yi a this system, gem ɗaya kawai yake gyarawa, ina buɗe King of Fighters 98 sai ga shi komai ya koma yadda yake. Kuma kar ka manta da maɓallin jefa kwabo (Coin) da na Start, a kibod 5 da 1 na mutum na farko ne, 6 da 2 na na biyu, ka mayar da su kan Select da Start na kowane hannu, in ba haka ba duk mutuwa sai wani ya miƙa hannu kan laftof.

Ɗan Zariya: Kafin duk wannan ka rubuta joy.cpl a Windows ka ga ko hannu biyun sun fito. Nawa ashe wayar ɗayan ce ta tsinke ta ciki, na yi ta zagin emuleta a banza.

Kafinta: Ni tawa matsalar ta fi taku ciwo wallahi. Na haɗa akwatin katako irin na gidan gem, sanda biyu, maɓalli shida shida saboda Street Fighter II, na sa musu ƙananan allunan nan Zero Delay masu haɗa sanda da maɓalli da kwamfuta ta USB, guda biyu iri ɗaya sak. Na saita komai ya yi kyau, washegari na kunna kwamfuta sai na ga sandar hagu ta koma Player 2 ta dama ta koma Player 1, yara suna ta rigima kowa na cewa ɗan uwansa ne ke motsa masa mutum. Ashe Windows ne ke lissafa su yadda ya ga dama in ya tashi, tunda sunansu ɗaya, MAME kuma wanda aka fara miƙo masa shi yake kira Joy 1. Na ɗan yi wata guda ina zare waya ina mayarwa, na hagu farko sannan na dama. Daga baya na tada MAME da -v ya nuno min lambar kowanne, na rubuta su a fayil cikin foldar ctrlr da layin mapdevice, na ɗaure kowa a mazauninsa. Kuma na manna salatif mai launi a kan ramukan USB ɗin, ba na canja musu rami ko da wasa.

Mai tambaya: Yaya mai gidan gem, na bi maganarka ya yi aiki, mun buga har mataki na uku, sai aka ɗauke wuta, batirin laftof ɗin kuma ya mutu tuni, da na kunna komai ya goge.

Tsohon mai gidan gem: Ai sai ka fita da Esc yake ajiye saitin a default.cfg cikin foldar cfg. Ka sake yi, ka fita, ka kwafi fayil ɗin ka ɓoye wani wuri. Kuma ka jona hannun kafin ka buɗe MAME ba bayan ka buɗe ba.

Maman 'yan biyu: Ni abin da ya ruɗa ni Pac-Man ne, na saita wa yarana hannu biyu amma na biyun shiru, na ɗauka na ɓata wani abu. Ashe gem ɗin na karɓa-karɓa ne, akwatinsa na asali sanda ɗaya gare shi, in ka mutu ka miƙa wa na kusa da kai. Sai The Simpsons kuma, na mutum huɗu kowane hannu a ɗaure yake da mutum ɗaya, sai da na samo simpsons2p, wato na mutum biyu, sannan kowa ya iya zaɓar wanda yake so.

Ɗan Zariya: Wani abu kuma, in mutumin ƙanenka yana tafiya da kansa ba a taɓa shi ba, analog ɗin ne, wato 'yar sandar hannun, ya saki, ka ƙara joystick_deadzone a fayil ɗin saiti na mame.ini, ni 0.4 na sa ya natsu.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, na kwafi default.cfg a filash. Malam kafinta don Allah in ka samu sarari ka turo mana yadda ka rubuta layin mapdevice ɗin nan, yau da safe hannuna ya koma Player 2.