Da fayil ke ɓacewa, yanzu sabar kwamfuta ke lalacewa

Tsohon Akawu:
Salamu alaikum jama'a, yau ni zan buɗe fage. Maganar yadda na'ura ta shigo aikin gwamnati ce, ƙwar huɗu za mu yi kuma amsa-amo "wa" ne, don Allah kar wani ya zo mana da "ba" a ƙarshen baiti ya ce wai salo ne.

Bismillahi na ɗau biro,
Ofis na san shi tun ina yaro,
Fayil a jibge kamar damin gero,
Ƙura ta rufe shi ba mai dubawa.

Ranar albashi a ja dogon layi,
Kashiya na ƙirge yana shan shayi,
Mamaci na bauca, aljihu ya yi nauyi,
Kowa ya sani, ba mai tankawa.

IPPIS ta shigo, BVN na bin ta,
Ka danna yatsa na'ura ta karanta,
Fatalwar ofis ta rasa mafita,
Ni kam na ce wannan abin yabawa.

Yaran yanzu ba za ku gane ba, IPPIS, wato tsarin biyan albashin ma'aikatan tarayya ta kwamfuta, tun 2007 aka fara gwada ta, BVN ta zo 2014, sannan Buhari ya tilasta asusun bai ɗaya na TSA a 2015, kuma a 2016 ma'aikatar kuɗi lokacin Kemi Adeosun ta ce ta cire sunayen bogi sama da 23,000 daga albashin tarayya. Mu da muka ga yadda ake cin kuɗin matattu mun san ba ƙaramin abu ba ne.

Ɗalibar Samaru:
Baba ina wuni, a yi min haƙuri zan ɗan ja da ku kaɗan.

Baba Akawu ina gaishe ka,
Ka yabi na'ura, wannan ra'ayinka,
Amma ka juyo ka tambayi 'ya'yanka,
Wata takwas jami'a ba buɗewa.

ASUU ta ce tsarin bai san jami'a ba,
Bai san malamin aro da sabatikal ba,
Ta kawo nata tsarin UTAS, ba a karɓa ba,
Mu ɗalibai aka bari da damuwa.

na san yajin 2022 ba IPPIS kaɗai ba ce akwai maganar yarjejeniyar 2009 tsakanin ASUU da gwamnati da kuɗin gyaran jami'o'i, amma abin da ke ba ni haushi shi ne a ƙarshen 2023 gwamnati da kanta ta ce a cire jami'o'i daga IPPIS ɗin, toh duk wancan taurin kan na mene ne, wa zai biya mu watannin?

Mai POS na Bakin Kasuwa:
Baba, ƙanwata, ku ɗan matsa ga ɗan kasuwa ya iso 😂

Ku ba ni fili ga mai lema,
Digiri a jaka, aiki an sha nema,
POS ce ta ba ni wurin zama,
Ɗari bisa dubu biyar nake cirewa.

Canjin kuɗi na Emefiele kun tuna,
Layin ATM tun asuba har rana,
Da kuɗinka a banki da yunwa ka kwana,
Naira da naira ake sayarwa.

Mai tumatir ta koyi tiransifa,
Alat bai shigo ba, ga ta tana zufa,
Doka ta sauko ba ta da ƙafa,
Sai Kotun Ƙoli ta zo da warwarewa.

Wlh ban manta ba, gwamnonin Kaduna da Kogi da Zamfara ne suka kai ƙara, a Maris 2023 kotu ta ce tsoffin 200 da 500 da 1000 su ci gaba da yawo. Ni ba na ƙin kashles, ai da shi nake ci, abin da nake cewa kawai kafin ka ce wa mutanen ƙauye su daina riƙe kuɗi ka tabbatar akwai sabis a garinsu tukuna. Yanzu ma ga shi an ce kowane mai POS sai ya yi rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni.

Hajiya 'Yar Fansho:
Ɗana mai lema sannu da ƙoƙari, zan dawo kanka. Malam Akawu kai nake wa magana, tunda tare muka tsufa a aikin nan.

Malam ka yi yabo ba ka ƙarasa ba,
Mu da muka ajiye alli ba mu huta ba,
Yatsa ya goge, na'ura ba ta gani ba,
Wai in dawo gobe don tantancewa.

Na biya mota tun daga ƙauye,
Na zauna a benci ƙafa a sanƙame a tauye,
Yaron ya leƙo da fuska a murtuke a juye,
Wai shekarata a NIN ba ta dacewa.

Da can su ce mana fayil ya ɓace,
Yanzu su ce saba ce ta lalace,
Mai neman na goro bai kauce,
Ya koma bayan kwamfuta yana murmusawa.

Ɗan Kwamfuta:
Kai, baitin ƙarshen nan na Inna ya gama magana. Amma tunda sana'ata aka taɓa bari in kare ta.

Inna na ji kuma na ɗauki,
Na'ura ba ta da ra'ayi a wurin aiki,
Mai fasuwod shi ke da ofis da banki,
Abin da ya shigar shi take fitarwa.

BVAS ta duba fuska da wuri,
Sakamakon 'yan majalisa ya hau IReV da sauri,
Na shugaban ƙasa ya yi jinkiri,
Tangarɗa ce, in ji INEC a sanarwa.

Yunin 2023 an sa hannu a doka,
Ta kare bayananka da lambarka,
Mai manhajar bashi in ya tona asirinka,
Akwai hukumar da ake kai wa.

zaɓen 2023 nake nufi a can sama, BVAS na'urar tantance masu zaɓe ce, IReV kuma shafin INEC na ɗora sakamako. hukumar kare bayanan kuwa NDPC sunanta, ku riƙe. matsalar dai mutum nawa ne a unguwarku suka san da ita, ana tura wa surukin mutum saƙo wai ɓarawo ne ya ci bashi sai dai ya yi kuka ya kashe waya.

Tsohon Akawu:
Hajiya na karɓi gyara a kan mai goro, shi kam ko me aka kawo sai ya sami kujera. Ɗana ga tawa tambayar.

Tafireta ta tafi da mai buga ta,
Masinja ya ga imel ya san ya huta,
Yanzu ga AI, komai ta rubuta,
To jikana fa, ina abin kamawa?

Ɗan Kwamfuta:
Minista Bosun ya ce miliyan uku,
Za a koya wa fasaha har da jikokinku,
Amma Baba ku gaya wa manyanku,
Ba wuta, ga data tana ta hauhawa.

shirin 3MTT kenan Baba, na ma'aikatar sadarwa ta tarayya, ku sa shi ya cike in an buɗe. sai dai ku tanadi kuɗin data don tun Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50, ga kuɗin cajin laftof a shago in an ɗauke wuta.

Hajiya 'Yar Fansho:
Ɗana mai lema na ce zan dawo kanka, na ga ka yi tsit. Tsakaninka da Allah nawa ka dinga cira a dubu goma lokacin canjin kuɗi?

Mai POS na Bakin Kasuwa:
Hajiya kin taɓo wurin ciwo,
Ni ma kuɗin a gidan mai na sawo,
Dubu biyu a goma, bayan na sha yawo,
Gobe ki zo, ba caji a cirewa.

Hajiya 'Yar Fansho:
Allah ya yi albarka, amma me zan cira, bari su gyara min shekarar haihuwar tukuna fansho ya shigo.