Me za mu kira kuɗin da Amurka ta biya manomanta lokacin korona?

1/ Masu fassara da 'yan jarida, ku matso kusa. Turawa na cewa "relief payment", mu kuma da mun ji sai mu rubuta tallafi mu wuce. A wannan wurin dai kalmar ba ta zauna mini ba.

2/ Ga yadda abin yake. A Afrilun 2020 Ma'aikatar Noma ta Amurka ta sanar da shirin CFAP, wato shirin taimaka wa harkar abinci a lokacin korona, na dala biliyan 19. Biliyan 16 kuɗi ne kai tsaye zuwa ga manoma da masu kiwo, biliyan 3 kuma na sayen amfanin gona a raba wa mabuƙata. A Satumba aka buɗe zagaye na biyu, har biliyan 14.

3/ Annoba ta rufe makarantu da gidajen abinci, kasuwa ta tsaya. Masu shanun tatsa a jihar Wisconsin har zubar da madara suka riƙa yi. Mayankar aladu ta kamfanin Smithfield da ke birnin Sioux Falls ta rufe bayan ma'aikatanta sun kamu, masu kiwon alade suka rasa inda za su kai. Sai manomi ya tuntuɓi ofishin FSA, hukumar kula da harkokin manoma, na gundumarsu, ya bayyana abin da ya noma ko yawan dabbobinsa, a yi masa lissafi. A zagayen farko an duba kayan da farashinsu ya faɗi da kashi 5 cikin 100 ko fiye tsakanin Janairu da Afrilu. Iyakar mutum ɗaya dala 250,000, kuma ba rance ba ne.

4/ Tallafi mun ɗora mata kaya da yawa: na man fetur, na taki, na karatu. Mai karatu zai ɗauka irin wanda ake bayarwa duk shekara ne.

5/ Agaji kuwa na wanda ambaliya ta kwashe masa gida ne. Mai garken shanu dubu ba ya cikin wannan layi.

6/ Wani malaminmu ya kawo diyya. Allah gafarta malam, nan ne na fi jinkirtawa, domin hukumomi ne suka ba da umarnin kulle, to ana iya cewa da hannunsu a asarar. Amma diyya haƙƙi ce a kan wanda ya yi ɓarna, ana bin sa, kuma ana sa ran ta cika. Wannan kuɗi gwamnati ce ta yanka adadinsa da kanta, ba ta kuma ce ta amsa laifi ba.

7/ Rage raɗaɗi fa? A Najeriya kunne ya riga ya haɗa shi da buhunan shinkafa da katan-katan na taliya, waɗanda aka fasa rumbunansu a Oktoban 2020. Zai karkatar da hankali.

8/ Zaɓina: kuɗin rage asara. Asara aka auna, kuma rage ta aka yi, ba a shafe ta ba. A gwada a kanun labari: "Manoman gundumar sun karɓi kuɗin rage asara na korona."

9/ 'Yan'uwa na Maraɗi da Damagaram, yaya gidajen rediyonku suke faɗarsa?